Kujerar Mai Yatsu

Litinin, 8 ga Satumba, 2014

Silifa ɗari huɗu da sha biyu yau, a hanyar Zonkwa. Tun da kamfani ya kawo injin nan Kafanchan ban taɓa yin haka a yini ɗaya ba. Na gaya wa Lai'atu, sai dariya. Har yau in na ce silifa dariya take yi, wai shekara ashirin da takwas mijinta na gyaran takalmin wanka. Na gaji da faɗa mata matashin ƙarfe ne da layin dogo yake kwanciya a kai.

Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. In taka da ƙafa, inji ya ɗan ɗaga layi, yatsun ƙarfe goma sha shida su nutse cikin tsakuwa, su yi rawa, su matse ta ƙarƙashin silifa, su fito, mu matsa gaba taku ɗaya. Shi ya sa muke ce masa Mai Yatsu. Abin da a da mu takwas muke yi da diga da shebur har rana ta take, yanzu ni kaɗai nake yi a zaune kafin shayi ya huce.

Laraba, 10 ga Satumba

Ruwa tun asuba. Mun zauna cikin inji ni da Misbahu muna cin dafaffiyar gyaɗa. Shekara huɗu ke nan yana ɗakin gaba yana duba hanya, ni ina ɗakin tsakiya idona a ƙasa kan yatsu. In zai yi mini magana, ta 'yar lasifikar da ke gefen kaina na hagu yake yi. Yau ya ce, "Baba Zamani, kwana biyun nan sai na kira ka sau biyu." Na ce lasifikar ce ta tsufa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Sujada mai daɗi. Zumuntar Mata sun fito da sabon zane. A hanyar gida na ce wa Lai'atu yau ba ta buɗe murya ba. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. "Baban Peculiar, ni na ɗaga waƙar fa." Na ce ganguna ne suka yi yawa.

Gwaten acca da rana. Na ƙara.

Alhamis, 18 ga Satumba

Mun kai ƙaramar gada, inda shanun Malam Jibir suke tsallake layi zuwa rafi. Dattijo ne dogo, rugarsu tana bayan gonakin citta tun ina aikin diga. Ya zo ya tsaya yana kallon yatsu suna shiga suna fita, ya daɗe. Da muka kashe inji ya ce, "Direba, wannan abu naka ba ya gajiya?" Na ce ni ne ke gajiya. Sai ya kawo kukansa: sabuwar tsakuwar tana da kaifi, tana yanka wa shanu kofato, kuma akwai ramuka tsakanin silifa inda ba mu cika ba tukuna.

Na kai shi wurin Injiniya Sa'adiya, mai kula da aikinmu. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce za a zuba marmara a mashigin da zarar mun wuce. Ya ji daɗi. Da yamma ga ƙwaryar kindirmo daga matarsa Nene. Ni da Misbahu muka ga bayanta.

Talata, 23 ga Satumba

Injiniya ta sake kama ni ban sa toshen kunne ba. Yana nan rataye a ƙusa. Na ce mata da kunne nake sanin tsakuwa ta ƙoshi, ƙararta tana canjawa. Gaskiya ne, ko kuwa a da gaskiya ne. Yanzu a kujera nake jin abin, a ƙashin baya.

Juma'a, 26 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Wajen sha ɗaya na safe ne. Aiki yana tafiya sumul, ina taka, muna matsawa, har ina 'yar waƙa. Sai kawai komai ya mutu. Yatsu suka tsaya cikin tsakuwa, inji ya yi wata irin girgiza, kaina ya bugi gilashi. Misbahu ne ya danna jan maɓalli, wanda ba a taɓawa sai rai na cikin haɗari.

Na sauko da faɗa a bakina. Da na zagaya gaba sai faɗan ya koma ciki. Karsanar Malam Jibir ce ta zurma ƙafa cikin rami tsakanin silifa biyu, shi kuma ya durƙusa a tsakiyar layi, ya ba mu baya, yana tonon tsakuwa da hannu. Tsakaninsa da hancin inji silifa uku. Na ƙirga. Uku.

Muka kawo ƙarfe muka buɗe mata, ta fita tana ɗingishi. Shi bai ma san abin da ya faru ba. Godiya yake ta yi mini, wai direba mai ido.

Injiniya ta tambayi Misbahu me ya sa bai ce in tsaya ba. Ya ce ya ga maɓallin ya fi sauri. Bai kalle ni ba.

Da muka tashi ya biyo ni har wurin babur. Ya ce, "Sau biyar na ce tsaya. Na biyar ɗin da ihu. Lasifikar lafiyarta lau, jiya na gwada." Ya ce, "Baba, yau na rufa maka. Ba zan sake ba. Ka je asibiti, ka gaya mata da bakinka. In Sallah ta wuce da mako ɗaya ba ka faɗa ba, ni zan faɗa, ka yi fushi da ni."

Asabar, 27 ga Satumba

Ban fita ba. Na yi ta ciyayi a gonar citta har Lai'atu ta ce zan tuge cittar ma.

Litinin, 29 ga Satumba

Na yi aiki taga a buɗe, kowane taku sai na leƙa Misbahu ya ɗaga mini hannu. Silifa ɗari da saba'in. Kunya.

A gida na gaya wa Lai'atu. Na ɗauka za ta firgita. Ta ci gaba da tsintar wake, ta ce ta sani tun Ista. "Me ya sa kake gani na koma kwana ta damarka? Me ya sa nake zagayowa in zan ba ka labari?" Na ce to me ya hana ta faɗa. Ta ce ta faɗa, sau uku, ta hagu.

Na yi dariya ban shirya ba. Daga baya na ce mata tsoro nake ji su sallame ni, in zauna gida ina kallon kaji. Ta ce, "In sun sallame ka, ka dawo da hannunka babu jinin mutum. Wannan ya ishe ni."

Asabar, 4 ga Oktoba

Sallah. Misbahu ya kawo nama da kansa, cinya guda. Bai ce komai a kan zancen ba, ni ma haka. Mun yi hirar ƙwallo.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kaduna. Na sauka wurin 'yata Peculiar a Sabon Tasha, ita ta raka ni asibiti. Suka sa ni cikin wani ɗan ɗaki kamar akwati, suka ce in danna in na ji ƙara. Ta dama na yi ta dannawa. Ta hagu na zauna ina jira su fara, ashe sun gama.

Likita ya ce na hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama yana nan da sauransa, amma in na ci gaba da zama kan injin nan shi ma zai bi. Ya tambaye ni ba a ba mu abin toshewa ba ne? Na ce an ba mu.

Peculiar ta soya mini doya da ƙwai, ta yi ta kallona kamar zan fashe. Na ce mata kunne ne, ba kai ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na faɗa. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro ta bakin loko, inda ake ajiye injuna, kafin a fita. Na miƙa wa Injiniya takardar likita, na ce ranar karsana ma laifina ne, ba na lasifika ba. Ta karanta sau biyu. Ta ce ba zan sake hawa kujerar ba, wannan babu roƙo. Na ce na sani, Hajiya. Ina jiran sauran.

Sai ta ce mai bin bayan inji da ma'auni an mai da shi Jos, tana neman wanda ya san layi. Aikin ƙafa ne: tafiya nesa da ƙara, duba ko layi ya daidaita, sa alama inda ya lotsa don a koma. "Za ka iya?" Na ce da ƙafa na fara.

Luke abokin aikinmu ne zai hau kujerar. Mutumin kirki, ya daɗe yana jiran ta. Na nuna masa yadda fedar take ɗan maƙalewa in ta yi zafi. Na sauko ban waiwaya ba, kar a ga fuskata.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ƙafafuna sun kumbura. Luke yana saurin cire yatsu, na sa masa alama wuri tara. Na ji daɗin sa su, Allah ya gafarta mini.

Talata, 21 ga Oktoba

An zuba marmara a mashigin shanu.

Talata, 28 ga Oktoba

Shekara huɗu ina kan injin nan har na manta akwai bishiyar ɗinya bayan gada ta biyu ba. Daga kujera tsakuwa kawai ake gani.

Yadda nake yi yanzu: in kwanta rubda ciki, in ɗora kumatu kan ƙarfe, in rufe ido ɗaya in bi layin da kallo har nesa. In akwai lotsawa ko ta kaurin ɗan yatsa ce, za ta nuna. Marigayi foman ɗinmu ya koya mini wannan ina saurayi, na ɗauka na manta. Injiniya ta gwada da na'urarta wuri shida, shida ɗin sun yi daidai da idona. Ta ce Baba kai na'ura ne. Na ce na'urar tana buƙatar sabon takalmi.

Malam Jibir ya same ni a kwance haka, ya zaci ciwo ne. Da na tashi ya ce me ya sauko da direba ƙasa. Na so in ce canjin aiki ne. Sai na ji bakina yana gaya masa komai, har silifa ukun. Ya ce, "Ashe mai gaban ne mai ido." Na ce shi ne. Ya ce, "To kai kuma mai gaskiya. Allah ya tsare mu duka." Ya ce gobe zai aiko wa Misbahu zabi. Karsanar ta warke, ya nuna mini ita, ta yi ƙiba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Godiyar kaka a coci. Mun kai citta kwando ɗaya da dankali.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Alama biyu kawai yau. Luke ya fara jin tsakuwa. Da hutun rana ya zo ya zauna kusa da ni ya ce in gaya masa yadda ake yi a wurin lanƙwasa. Mun zana a ƙasa da tsinke. Toshen kunnensa yana wuya, na ce ba a wuya aka ce ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Mun shiga Zonkwa. Masu acaɓa sun taru a bakin tasha suna kallo, mata masu lemo har da guɗa.

Saura silifa ashirin Luke ya tsai da inji ya sauko. Ashe sun shirya, shi da Misbahu, har Injiniya ta yarda: wai ni zan ƙarasa, tunda ni na fara daga Kafanchan. Misbahu zai tsaya a bayana hannunsa a kafaɗata, babu haɗari. Luke ya riƙe mini ƙofa. "Oga, kujerarka."

Na kama ƙarfen tsani. Na leƙa ciki. Zafi, warin mai, da ɗan gilashin nan da ba a ganin komai sai ƙasa.

Na ce musu gwiwata tana ciwo, ba zan iya hawa ba. Kuma akwai wani wuri can baya wajen siginal da bai kwanta mini ba, gara in koma in duba kafin rana ta juya. Misbahu ya kalli gwiwar, ya kalle ni, ya ce to Baba, Allah ya sawwaƙe.

Wurin lafiyarsa lau, da ma na sani. Na dai kwanta na sa kumatu. Ƙarfe da ɗumi, layi ya miƙe sambal har inda ido ya ƙare, babu lotsawa ko ɗaya. Ban san lokacin da suka gama ba, sai da na ga mutane suna tafi daga nesa.

A gida Lai'atu ta ce bari ta kawo man zafi ta shafa mini a gwiwar. Na miƙa mata ta hagu. Ta ce ɗazu ta dama na ce.

Litinin za a fara hanyar Jos. An ce akwai hawa da gangara sosai. Zan sayi takalmi gobe.