Awon Hannun Riga

Malaz, Riyad,
14 ga Oktoba, 2017.

Zuwa ga Yayata Hajjo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin lafiya, ke da ƙanenmu Sha'aban da iyalinsa da duk mutanen gida. Allah Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, Ya sa albarka a ɗan abin da aka girbe bana. Mu a nan muna lafiya. Zafin Riyad ya fara sauka, maiɗakina Bilƙisu kuma ta koma aikinta na jinya a asibiti tun farkon watan jiya. Na ba Malam Dawuda direba wannan takarda, da yake zai je gida hutu, na roƙe shi ya danƙa ta a hannunki. Ki karanta da kanki, Yaya. Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba na iya wuce alhamdulillahi.

Yau wata uku ke nan da rasuwar Ruƙayya. Kin san ban taɓa kiran sunanta a gabanki ba, domin 'yata ce ta fari, kullum sai dai in ce yaya 'yarki. Yau na rubuta shi, tunda kunyar ba ta amfane ta da komai ba. Sha'aban ya gaya mini har yanzu ba kya cin abincin kirki, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai kin ce masa an ba ki amana kin kasa riƙewa. Ya ce ranar da aka share ɗaki kika ga ƙaramin kofinta, sai da aka kama ki aka zaunar. Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin akwai abin da ba ki sani ba, kuma ni na hana a gaya miki.

Kin san aikina sama-sama, bari in fayyace miki. Ofishinmu na ƙungiyar agaji ne, yana aika abinci ƙasashen da ake yunwa. Kafin a aika, da kuma bayan an raba, akan tura ma'aikata gida-gida da takardar tambayoyi: sau nawa aka ɗora tukunya jiya, me da me aka ci a kwana bakwai da suka wuce, ko akwai wanda ya kwana bai ci ba. Sannan su auna dantsen kowane yaro da bai kai shekara biyar ba da wani siririn ma'auni mai launi uku, kore da rawaya da ja. Wanda ya faɗa ja yana da tamowa mai tsanani, a ranar ake tura shi asibiti, a ba shi abincin gyaɗa na leda da magani, kuma mafi yawansu suna tashi. Amsoshin nan su nake zama in tace. Shekara shida ina koya wa ma'aikata ƙa'ida guda: kada su tsaya a ƙofar gida su karɓi amsar maigida, domin maigida ba ya cewa gidansa babu, su nemi matar da ke girki, kuma kada su tafi sai sun ga hannun yaron da idonsu.

A farkon watan Yuni, bayan Ruƙayya ta tashi daga ƙyanda, irin waɗannan ma'aikata na wata ƙungiya suka zo garinmu, gidanmu kuma ya faɗo cikin gidajen da aka zaɓa. Kina cikin gida, ba ki san sun zo ba. Sha'aban ya tsayar da su a zaure ya kira ni. Ina cikin mota a kan hanyar ofis, na makara, danja ta tsayar da ni. Ya ce ga wasu mata biyu da wani namiji suna so su shiga su yi wa mata tambayoyi kan abinci, su kuma auna yara, ko ya bar su. Ya ƙara da cewa mutanen da ke zaune a gindin dalbejiya sun zuba ido, har wani ya yi dariya ya ce ashe gidan 'yan Saudiyya ma ana rubuta shi a tallafi.

Ban yi tunanin minti ɗaya ba. Na ce masa ya gode musu, ya ce gidanmu ana ci sau uku, yara lafiya lau, su kai wa mabuƙata. Na ce kada ya ɗaga miki hankali da zancen. Danja ta ba da hannu, na wuce, na shiga ofis na zauna ina gyara takardun gidajen wasu mutane. Ba jahilci ba ne, Yaya. Na san yaron da aka yaye, ya yi ƙyanda, gudawa ta biyo baya ga damina ta kama, shi ne na farko da ya kamata a auna, ko da rumbun gidansu cike yake. Na sani fiye da kowa a garin nan. Abin da na ji kawai shi ne dariyar mutumin gindin dalbejiya, daga nisan ƙasa da ƙasa.

Ke kin yi abin da kika sani. Mun kawo miki ita yaye kamar yadda aka kai mu wurin Inna Delu, muka ce wata biyu ne kafin takardar iƙamarta, wato izinin zamanta a nan, ta fito, wata biyu suka zama bakwai. Kin dama mata kunu ta kawar da kai, kin goya ta da wannan gwiwar taki, kin kai ta wurin mai kemis har sau biyu. Duk lokacin da na kira na ce tana cin abinci, kika ce tana ɗan taɓawa, sai in ce madalla. A wurin aiki da ma'aikaci ya kawo mini amsa irin wannan, da na mayar da shi ya sake tambaya.

Cikin kayanta da kika aiko mana akwai shuɗiyar rigar da Bilƙisu ta saya mata ta ƙaramar salla. Na lura kin rage bakin hannun rigar da zare baƙi, ɗinki ƙanana masu kyau, don kada ya riƙa zamewa. Rannan bayan la'asar na ɗauko ma'auni daga jakar aikina na zura shi cikin hannun rigar. Santimita goma sha ɗaya. Ja yana farawa ne daga sha ɗaya da rabi zuwa ƙasa. Na auna sau uku, kamar yadda muke koyarwa. Ke kin ga hannun ya ragu, kika yi masa abin da allura za ta iya. Waɗanda za su iya fiye da haka sun zo har zauren gidanmu, ni na kore su.

Na yarda kwananta ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma ƙarewar kwana ba ta wanke wanda aka kawo wa sababi ya mayar. Ranar Juma'ar da ta wuce na gaya wa Bilƙisu. Ta karɓi rigar ta ninke. Daga baya ta ce ita za ta nemi haƙuri a hankali, amma Yaya Hajjo ba za ta ƙara kwana da nauyin laifin da ba nata ba. Kada ki ga laifin Sha'aban, umarnin yayansa ya bi.

Sha'aban ya ce mai unguwa ya sanar cewa ma'aikatan za su dawo bayan an gama kaka. Na gaya masa ya shigar da su har tsakar gida, ke za ki amsa, shi ya koma zaure. Ki faɗi abin da aka ci, ba abin da ya dace a ce an ci ba. In kwana bakwai tuwo ne da miyar kuka ba wake ba kifi, ki ce haka. Amma kada ki jira su. Ga ma'auni nan na sa a cikin ambulan. Ki naɗa shi a tsakiyar dantsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kada ki matse, kada ki saki. Ki fara da Usaid ɗan Sha'aban, domin hotonsa na babbar salla bai kwanta mini ba, sannan 'yar'uwarsa Hajar. In kin ga rawaya ko ja, a kai su asibiti a ranar, ko wa ke zaune a gindin dalbejiya.

Ki gaida Baffa Idrisu da Inna Delu, da Sha'aban da maiɗakinsa, da yara baki ɗaya. Bilƙisu tana gaishe ki, ta ce ki ci abinci. Ni kuwa ina roƙon gafararki, ba don na cancanta ba. Daga yau in mai gaisuwa ya zo, kada ki sake cewa kin kasa riƙe amana. In lalle sai an faɗi wani abu, ki ce ubanta ne ya rufe ƙofa.

Allah Ya jiƙan Ruƙayya, Ya raya mana saura.

Ƙanenki,
Ghali Ɗanjuma