Rigar da Ke Kan Gawo

Boɗinga, 20 ga Agusta, 1984

Zuwa ga Yaya Attahiru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da Safinatu da yara da 'yan makarantarka na Shagari. Mu nan lafiya, sai ƙarancin ruwan sama, gero duk ya yi yaushi.

Yaya, tsoro ne ya sa na ɗauki biro. Ka san Tafkin Gawo na bayan unguwarmu, inda yara ke zamiya a kan gangaren laka su faɗa ruwa. Kai ma can ka bar haƙorinka na gaba, kada ka ce ka manta. To, ofis sun ce tun da soja suka hau an tsuke bakin aljihu, ba za su iya ci gaba da riƙe tafkin ba. Za su ba Alhaji Ɗantani mai albasa, ya kewaye shi da waya, ya kafa injin ban-ruwa. Wai yaron da ke son wanka sai ya biya a ƙofa. A shekarar nan da ake layin sabulu!

Ba ruwan nake ji ba, Baba Idi nake ji. Shi ofis suka ajiye gadi, da doguwar gorarsa, kuma ka san dokarsa: duk yaron da zai shiga sai ya rataye rigarsa a ƙayar gawon, ba mai sauke riga sai mai ita, shi kuma ba ya tafiya gida sai ya ga itacen fayau. Gawo ba ya ganye da damina, to rigunan nan su ne ganyensa. Ni ko daga zaure na hango shi wayam da magariba, sai in ji sanyi a raina.

In aka rufe, Ramin Kwangila yaran za su koma wanka, inda masu aikin hanya suka kwashi jar ƙasa suka tsere suka bar shi. Babu wanda ya san zurfinsa. Ɗana Ɗanliti kuwa ka san shi, shekara tara amma ko kwaɗo bai kai shi son ruwa ba, ubansa kuma yana kudu wurin neman abinci.

Mata mun yi magana, maza sun yi gum. Kai ne mai Turanci a gidanmu. Don Allah ka rubuta mana takardar koke, a bar tafkin a hannun hukuma.

A gaida Safinatu. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Zulaihatu

Shagari, 29 ga Agusta, 1984

Zuwa ga Zulaihatu,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, na sami takardarki, na kuma fahimci abin da ke cikinta.

Ki yi mini uzuri. Ba ki san halin da ma'aikata ke ciki ba. A makarantarmu kaɗai an sallami malamai biyu a wannan zangon, ba a gaya musu laifinsu ba. Wani abokina ya yi rubutu a kan batun taki, har yau iyalinsa ba su san inda aka ajiye shi ba. Ni yanzu ko mota mai launin kore ta tsaya a bakin makaranta, sai alli ya faɗi daga hannuna. Takardar koke kuwa dole a sa mata suna a ƙasa, kuma sunana ne za a gani.

Wataƙila ma Alhaji ya fi ofis iya riƙo. Ki daina sa wa ranki abin da bai faru ba. Ki tsare yaron a gida, ki nuna masa bulala. Da ma kin cika sake masa.

Na aiko da rigar da na sa aka ɗinka masa ta Babbar Salla, shuɗiya mai aljihu biyu. Ki ce in ji kawunsa ya bar ruwa.

Wassalam.

Naki,
Attahiru

Boɗinga, 14 ga Satumba, 1984

Yaya,

Ina gaisuwa.

An kafa wayar tun bayan Salla, an sallami Baba Idi. Gawon dai wayar ta bar shi a waje. Na tsare Ɗanliti kamar yadda ka ce, na doke shi har sau biyu, ina dukan ina kuka. Amma ni kaɗai ce, ga daka ga ɗiban ruwa, yaro kuma ba akuya ba ne da zan ɗaure a turke.

Abin da ban sani ba, yaran ba su bar al'adarsu ba. Sai su zo su rataye riguna a gawon, sannan su bi ta cikin gonaki tsirara su tafi Ramin Kwangila. Baba Idi kuma, ba albashi ba komai, kullum yana zaune a gindin itacen. Ƙafarsa ba ta iya kai shi ramin, rigunan kawai yake tsaro.

Jiya da magariba ya yi sallama a ƙofar gida. Yaya, mutumin nan bai taɓa zuwa ƙofata ba. Na fito, ya kasa kallona.

Ya ce, "Ɗiyata, ina Ɗanliti?"

Na ce, "Na aike shi niƙa tun la'asar. Mi ya faru, Baba?"

Ya ce, "Yara duk sun ɗauki nasu. Riga guda ta rage, shuɗiya, mai aljihu biyu."

Na ruga ba mayafi. Tana nan a rataye, ita kaɗai. Yaran sun ce tare suka tafi, kowa ya zaci ya riga shi dawowa. Wani ya ce ya ji shi yana cika bakin zai ratsa wayar Alhaji ya yi zamiya ko sau ɗaya, amma masu gadin sun rantse ba su ga kowa ba, sun kuma hana a shiga sai Alhaji ya dawo daga Sakkwato. Da safen nan maza sun tafi ramin da igiya. An zura gorar Baba Idi har ƙarshenta, ba ta taɓa ƙasa ba.

Na kai hannu zan sauke rigar in rungume, Baba Idi ya riƙe ni. Ya ce, "Bari. Mai ita shi ka sauke ta."

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai. Na ba direban motar kasuwa takardar nan. Ka yi mana addu'a.

Zulaihatu

Shagari, 14 ga Satumba, 1984

Zulai,

Takardarki ta same ni a aji. Na rubuta koken a kan teburin nan, na sa cikakken sunana da na makarantarmu. Da hannuna zan kai ofis, in kuma tsaya a ƙofar Alhaji har a buɗe wayar. In za su kama ni, su same ni can.

Na ba direban takardar nan ya wuce da ita, ina bayansa a motar da ta fara samuwa.

Ki gaya wa Baba Idi ya zauna inda yake. Kada kowa ya taɓa rigar nan.

Allah ya tsare mana shi.

Yayanki,
Attahiru