Zuwa ga Yaya Mai Shari'a, Bayan Na Ƙirga Layi a Hor Al Anz

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da alƙalin Babbar Kotun Jiha, tare da fatan kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai, da duk wanda ya leƙo wasiƙar nan, cewa ƙaninka ya zama alƙali. An naɗa ni a bakin wani shagon shayi a Deira, aka ba ni biro da kujerar roba. Ni ne alƙalin zaɓen ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Dubai. Hujjarsu ita ce na fi kowa karance-karance, kuma yayana alƙali ne. Ba su san mun shekara ba ma magana kafin ka rasu ba.

Sau biyu aka ɗauke ka daga kotunka aka tura ka wata jiha sauraron ƙarar zaɓe. Sau biyun duka ka bar wanda aka ce ya ci a kan kujerarsa. Na biyun ne ya tsaya mini a rai, domin har mai sayar da goro a tasha ya san an yi aringizon ƙuri'a. Mai ƙara ya zo da lauyoyi da tarin takardu, amma wakilansa na rumfuna, waɗanda suka gani da ido, ko ɗaya bai yarda ya shiga akwatin shaida ba.

Na sayi katin waya a unguwar Port Saeed, nan Dubai, na kira ka. Ka ce mini, "Ni ma na sani, Bala. Amma abin da na sani a falona ba shaida ba ne." Ni kuwa a lokacin na karanta littattafai uku kan adalci, biyu daga ciki har ƙarshe. Na ce maka kai ba alƙali ba ne, hatimi ne, duk wanda ya riƙe ka sai ya buga. Kafin ka amsa katin ya ƙare. Ban sayi wani ba. Da aka bugo mini rasuwarka fasfona yana aljihun teburin mai kamfani, ko jana'izarka ban samu ba.

To, ga yadda nawa zaɓen ya kasance.

Mutum biyu suka tsaya takara. Akwai Malam Isufu, mutumin Damagaram, abokina, wanda muke zaune gida ɗaya a Hor Al Anz shekara shida. Akwai kuma Alhaji Sabo mai harkar kwantena. Kada ka ga kamar kujerar wasa ce. In ɗan'uwa ya rasu a sansanin leburori na Muhaisnah, shugaban ƙungiya ne ke zirga-zirgar takardu har a samu a binne shi. In an kama wani, shi ke zuwa ya tsaya. Isufu ya daɗe yana wannan wahala ba tare da muƙami ba. Alhaji Sabo kuwa ban taɓa ganinsa a maƙabarta ba, amma yana son a riƙa kiransa shugaba in ya je gida.

Mun yi shi yadda muka saba, ƙato bayan ƙato, a wani fili bayan sallar Juma'a. Kowa ya tsaya bayan wanda yake so, ni kuma in bi layi ina ƙirgawa. Ina cikin ƙirga layin Alhaji Sabo sai na fara cin karo da fuskokin da ban sani ba, da sababbin takalma, wasu har da ledar sayayya a hannu. 'Yan sari ne daga Kano, masu bizar mako biyu, da ke lodin kayansu a wurinsa. Ya ɗebo su daga masauki a mota biyu. Ɗaya ma sai da ya tambaye ni ko layin abinci ne.

Hanyar gane mazauni ɗaya ce, a ce kowa ya fito da takardar zamansa. A nan kuwa ba a tambayar ɗan'uwa wannan takarda a bainar jama'a. Kusan rabin waɗanda ke bayan Isufu tasu ta daɗe da mutuwa, kuma don haka ma suke buƙatarsa. Da na furta kalmar, layinsa ne zai fara watsewa. Rajistar 'yan ƙungiya ba mu taɓa yi ba, saboda wannan dalilin dai.

Na ba da kwana uku a kawo ƙorafi a rubuce, da sunan shaida. Baƙin suka hau jirgi. Mutanen Isufu suka riƙa tare ni a hanya suna rantsuwa sun gani, amma da na miƙa biro sai kowa ya tuna yana da aiki. Ban ga laifinsu ba. Ranar Litinin na sa hannu, Alhaji Sabo ya ci.

Isufu bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, "Ai kai ma ka gani, Malam Bala." Na buɗe baki, sai na ji maganarka ce ke shirin fitowa, kalma da kalma. Yanzu yana gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabcin da ba a san sunansa ba, kuma ya daina ajiye mini tuwo. Jiya an bugo cewa wani ya faɗi a wurin gini. Na ji Isufu ya sa takalmi ya fita, ba wanda ya aike shi.

Na gaji, Yaya. Kwana uku kacal na yi a irin kujerarka, a kan mutanen da ba su cika ɗakin taro ba, har yanzu wuyana bai saki ba. Kai ka yi shekara ashirin kana komawa gida ka ci abinci da abin da ka sani a cikinka. Ban ce hukuncinka ya gyara komai ba, nawa ma bai gyara ba. Amma ban taɓa tambayarka yadda kake ji ba, kuma ni kaɗai ne ƙanin da kake da shi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa alƙalancin da ka yi ya zame maka hujja ranar da babu lauya. Ya ba Isufu ladan abin da yake yi.

Maganar da na faɗa maka a waya, ni ne na yi kuskure.

Ƙaninka,
Bala