Za a Tashe Mu Daga Gidan Kumandan

Gure, 3 ga Yuni

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da Iya Kellu. Yaya ƙafar Inna, yaya dabbobi da wannan zafi? Ni lafiya lau nake, ina cin abinci, kada Inna ta damu.

Baba, ka san tsohon gidan kumandan da mu 'yan matan ƙauye tara muke kwana, inda Nasara suka zauna suna mulkin ƙasar Gure har zuwa can Alakos wajenmu. Shekaranjiya wasu baƙi suka zo suna ɗaukar hoton bangonsa. Sun ce gidan tarihi ne, za a gyara shi, mu kwashe kayanmu kafin Juma'a. Ɗayansu ya ce in ɗage tabarmata ya ga daɓen asali. Na ɗage masa.

Bakwai sun sami dangi a gari, Rahama ta haƙura ta koma ƙauyensu Bune. Saura ni kaɗai, kuma kwana goma sha tara ya rage mu yi jarrabawar bak, ta kammala sakandare.

Sau biyu na je ƙofar abokinka Alhaji Burahima mai kanwa, kunya ta hana ni yin sallama. Don Allah ka aika masa saƙo ta hannun direban da ya kawo maka wannan takarda. Gefen ɗakin 'ya'yansa ma ya ishe ni, zan riƙa yi wa Hajiya wanke-wanke da ɗiban ruwa.

Ban taɓa ƙin maganarka ba. In ka ce in dawo, zan dawo. Amma don girman Allah, Baba, kada ka ce.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Zinariya