Haƙoran da Na Ɓoye wa Matata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya, Allah Ya ƙara wa ƙafar nan taki sauƙi. Mu nan jiki dai alhamdu lillahi, ɗinki ma ana taɓawa. Zuciyata ce ba daɗi, Yaya, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa, don ke kika san farkon zancen.

Kin tuna na ce miki haƙoran 'yata Kurciya sun fito ruwan ƙasa, suna marmashewa kamar alli? Muka ce na nono ne, za su zube. To, ta shiga shekara bakwai, manyan sun fito, su ma haka. Ruwan sanyi ba ya shiga bakinta sai da hawaye. Ni kuwa, da wannan bakin nawa da kika sani, sai na ɗora wa uwarta laifi. Na ce alawa take ɗura mata, na ce ƙazanta ce, har a gaban yarinyar na faɗa. Baiwar Allah ta ɗauka gaskiya ne. Safe da yamma tana dirje mata baki da buroshi mai tauri, yarinya na kuka, uwa na kuka, ni ina kan keken ɗinki ina cewa a ƙara dirzawa.

Ke kin san yadda nawa suka lalace tun ina yaro. Matata kuwa ba ta sani ba. Tun ina neman aurenta na ce mata a hatsarin babur na rasa su, shi ya sa nake sa na roba. Kunya ce ta sa ni, sai ƙaryar ta zauna. Likitan farko da ya tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi, wallahi na dubi idonsa na ce babu.

Makon jiya muka ga wata likitar haƙori. Ta ce ba alawa ba ce, ba kuma ƙazanta ba. Farin ɓawon nan mai tauri da ke rufe haƙori ne bai ginu ba tun a halitta. Gado ne, jini yake bi, kuma akwai irin da uba ke ba 'ya'yansa mata. Ta ce dirzar ma ta ƙara cinye ɗan abin da ya rage. Sannan ta juyo a hankali ta roƙe ni in cire na robar ta gani. Na cire, Yaya. Ga guntayen nawa na ciki, launinsu ɗaya da na Kurciya.

Matata ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. A hanya kawai ta ce, "Da hannuna na yi mata ciwo, kana kallo, ka kuma sani." Tun ranar sai ta ajiye mini abinci ta wuce. Na ba ta haƙuri har na rasa kalma. Sai yanzu ma na gane abin da ya sa marigayiya Inna ke rufe baki in tana dariya, mu muna cewa kunya ce.

Likitar ta ce za a lulluɓe haƙoran, zafin zai ragu. Don Allah ki kai naki yaran a duba su, kuma ki rubuto wa matata, tana jin maganarki.

Jiya na kira Kurciya shago, na cire na robar don ta ga ba ita kaɗai ba ce. Ta daɗe tana leƙen bakina, sannan ta dafa gwiwata cikin tausayi ta ce, "Baba, ashe kai ma ƙazami ne?" Ni na koya mata kalmar.

Ki gaida maigidanki da Kawu da autarki. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Tela