Ruwan Bayan Gida Ya Zama Kore

GRA, Katsina

Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kuma kwas yana tafiya daidai. Hajiyarka tana sa maka albarka. Yarinyar nan ma lafiya lau, sai ƙiriniya.

Na zaɓi rubutu ne domin in na ji muryarka a waya sai in kasa faɗin damuwata. Kwamin iyon nan naka da ke bayan gida ya lalace. Tunda injin tace ruwan ya ƙone, gansakuka ta rufe shi, ya yi kore shar, ga kwaɗi, ga sauro. Na zuba kulorin ɗin da ka bari, a banza. Hajiya ta ce a jefa alam kamar yadda ake yi wa randa, shi ma ko gezau.

Ba ƙazantar ce ta dame ni ba. Da, daga tagar kicin ina hango ƙasansa. Yanzu ko akuya ce ta faɗa ba mai gani, ga yarinya ta iya buɗe ƙofar baya. Wallahi tsoro nake ji.

Ka huta lafiya.
Taka,
Saudatu

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan lafiya. Kowa yana nan da rai, ka fara riƙe wannan.

Jiya bayan la'asar na idar da salla, na nemi yarinya na rasa. Ƙofar baya a buɗe, takalminta ɗaya a bakin ruwa. Ka san ban iya iyo ba, amma da zanena na shiga. Ruwan ya kai mini ƙirji, santsi yana ja na, ina lalube da ƙafa don ido ba ya aiki. Sai na taka wani abu mai laushi. Maigida, kada Allah Ya nuna maka irin wannan. Na nutsa na ciro shi, ashe darduma ce iska ta jefa.

A nan bakina ya kuɓuce. Ni da ban taɓa kama sunan 'yar fari ba, na dinga ƙwala shi a gaban mahaifiyarka, har maƙwabta suka ji. Nafisa! Nafisa! Hajiya ta shiga ciki nema, can sai ga ta ta fito da ita a kafaɗa, barci take yi a bayan buhun shinkafa. Hajiya ko ta kan sunan ba ta bi ba, ita ma kuka take yi.

Masu buga bulo suna zuƙe ruwan yanzu haka, na ba su kyauta. Sun ce in kwamin ya bushe a zafin ranar Katsina, tayil zai tsage. Na ce ya tsage. Ban taɓa yin abu a gidanka ba da izininka ba sai yau. In ka dawo ka yi mini faɗa, zan saurara da 'yata a cinya.

Allah Ya dawo mana da kai lafiya.
Matarka,
Saudatu