Guntun Gungumen Piran

Polgarrick, 8 ga Disamba

Hilary,

"Hannuna kaɗai zai taɓa shi, Morwenna, kuma ranar Litinin zan dawo miki da shi a cikin tsummansa." Haka kika ce a kicin ɗina, kina shan shayina, hannunki a ƙirji. Litinin biyu sun wuce. Gaisuwa kuwa ga ta: ina fata kina lafiya, ke da mijinki Gerald da karenku, domin ina so ki karanta wannan da cikakken hankali.

Kin san abin da kika ɗauka, amma zan rubuta don kada gobe ki ce kin manta. Guntun gungumen Yule ne na bara, bikinmu na tsakiyar hunturu. Kowace shekara, a dare mafi tsawo, da ragowar gungumen bara muke kunna sabo, mu ciro guntu kafin wuta ta cinye, a naɗe a ajiye ƙarƙashin gado sai wata shekarar. Shekara ashirin da uku wutar nan ba ta yanke ba. Wannan guntun kuma Piran ne ya ciro shi daga murhu, yana tari, yana ce mini, "Matsa can, sarkin rawar kai, za ki ƙona gashinki." A watan Maris muka binne shi. Babu sauran wani guntu da hannun mijina zai taɓa.

Kin zo mini a matsayin shugabar kwamitin addinai na gari, kika ce bana Bikin Haske na kowa ne: Kirista, Bayahude, Musulmi, Sikh, har da mu 'yan Wicca masu bautar gargajiya da aka saba rufe wa ƙofa. Kika ce hoto kawai za a ɗauka don takardar shirin biki. Na ga takardar jiya a kantin magani. An sa mu ƙarƙashin "Tsoffin al'adun ƙauye," minti biyar, tsakanin rawar 'yan makaranta da shan shayi. Wannan zan haɗiye shi, na haɗiye wanda ya fi shi a shekara talatin da na yi ina aikin laburare. Guntuna nake so.

Na buga miki waya sau huɗu, Gerald yana cewa kina wanka. Ban taɓa sanin mace mai tsabta irinki ba.

Ki huta lafiya,
Morwenna Trevaskis

10 ga Disamba

Ƙawata Morwenna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya ba ki juriyar wannan sanyi na farko ba tare da Piran ba. Kullum kina cikin raina.

Kayanki yana nan lafiya. Kwamiti ya ga ya dace a ajiye shi a teburin nuni a zauren gari har ranar biki, Lahadi ashirin ga wata, kusa da kyandirori da fitilun sauran addinai. Girmamawa ce, ki ɗauke ta haka. Ba ki san irin faman da na yi da Rabaran Aldous ba kafin ya yarda sunanku ya shiga takardar. Kalmar "al'adu" ita ce iyakar abin da zai iya haɗiyewa.

Idan kuma kina gudun lokaci ya ƙure miki, gidan man da ke kan hanyar tasha suna sayar da busassun itatuwa masu kyau a cikin raga, har da abin kunna wuta. Zan iya sa Gerald ya kawo miki.

Mu yi haƙuri da juna a wannan wata mai albarka.

Taki har kullum,
Hilary Ancrum

12 ga Disamba

Hilary,

Na gaishe ki, na kuma gode da addu'a.

Gidan mai! Na karanta layin nan sau uku, na tashi na zagaya teburi. Yaron makaranta ne zai ce a sayi gungumen Yule in yi masa uzuri. Ke kuwa kin san ba a saye, sai a tsinto a daji ko wani ya ba ka kyauta. Kin sani domin shekara tara kina tsaye a da'irarmu ta ibada, hannunki cikin nawa. Ke kika jawo gungumen shekarar da aka yi ambaliya, da igiya a kafaɗa, taɓo har gwiwa, Piran yana miki tsiya, "Ja, gimbiya, ba jakar hannu ba ce!" Kika zage shi, kika yi dariya har kika zauna a cikin taɓon.

Da kika koma coci ban riƙe ki ba. Na zo bikin tabbatar da ke a matsayin 'yar coci, na zauna a baya, na ci kek ɗinku mai kama da katako. Mun rantse ba za mu taɓa faɗa wa na waje wanda ya tsaya a da'ira ba, kuma shekara goma sha ɗaya bakina a rufe. Na ji a watan Janairu za a ba ki izinin yin wa'azi a cocin Rabaran Aldous. Madalla. Da alama bai san wace ce ta taɓa shafa toka a goshi tana kiran rana ta dawo ba.

Jiya na je zauren. Teburin yana nan, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, mai gadi ya ce umarnin shugaba ne kada kowa ya ɗaga. Me kike ɓoyewa a ƙarƙashin ƙyalle?

Morwenna

15 ga Disamba

Misis Trevaskis,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Ni ne Harjit Bains na kantin magani, wakilin 'yan Sikh a kwamiti. Ban saba shiga tsakanin mutane ba, amma matata ta ce in ban rubuto miki ba, in nemi inda zan ci abinci.

Ranar ɗaya ga wata jami'in kashe gobara ya zo duba zauren. Ya ce duk wani katako ko yadi da za a ajiye kusa da kyandir sai an fesa masa maganin hana kama wuta. Muka fesa wa labule da rassan ado. Da aka zo kan guntunki sai Rabaran ya ce, "Wannan gawayin fa, Hilary? Yana da wani muhimmanci a wurinsu?"

Ta ce, "Ni ina zan sani, Rabaran? Ban san komai game da harkokinsu ba."

Ya ce, "To, a yi masa yadda aka yi wa saura."

Feshin bai zauna a jikinsa ba saboda gawayi, sai ta tsoma shi a bokitin maganin da hannunta, ya kwana biyu a ciki. Ni ban san amfaninsa ba a lokacin. Da na sani da na riƙe hannunta. Mu ma muna da abubuwan da ba a ajiye su a ƙasa.

Ga abin da zan iya faɗa a matsayina na mai harhaɗa magani: irin wannan ruwan ba ya cika ratsa itace mai tauri har tsakiya. In an faskara shi, mai yiwuwa a sami busasshiyar zuciya. Ban yi miki alkawari ba.

Na gaya wa Misis Ancrum cewa zan rubuto miki.

Naki cikin ladabi,
Harjit Singh Bains

16 ga Disamba

Morwenna,

Ina gaishe ki, in za ki karɓa. Mista Bains ya gaya mini, don haka kin sani.

Gaskiya ne. Rabaran yana kallona, mutum shida suna kallona. Da na ce kada a jiƙa shi, da ya tambaye ni yadda aka yi na sani. Na ji bakina ya faɗi abin da ya faɗa, hannuna ya bi. Da na ciro shi daga bokitin na sa aka lulluɓe teburin. Tun ranar nake neman kalmar da zan gaya miki ban samu ba.

Bangaskiyata ba wasa ba ce, Morwenna. Na same ta da wuya, kuma ban taɓa yin ƙarya da sunan Allah ba. Ina roƙonki ki bar maganar nan tsakaninmu. Bayan biki zan sa Gerald ya ajiye miki shi a bakin ƙofa. Ki tuna abin da ku da kanku kuke koyarwa, cewa abin da mutum ya aika yana dawo masa ninki uku.

Ki yafe mini.
Hilary

17 ga Disamba

'Yar'uwa,

Haka muke kiran juna a da, kuma da shi nake gaishe ki yau, don ki ji nauyinsa.

Ninki ukun na lissafa, zan iya ɗauka.

Gerald ba zai ajiye mini mijina a bakin ƙofa kamar kwalbar madara ba. Ke za ki kawo shi, da rana tsaka, ta ƙofar gaba. Gatarin Piran yana rumfar baya, na wasa shi jiya. Ke za ki faskara, ni in tsaya in duba. In akwai busasshiyar zuciya ko da tsawon ɗan yatsa ce, ranar Litinin, dare mafi tsawo, da faɗuwar rana za ki durƙusa a gaban murhuna ki hura har sabon gungumen ya kama. In babu, za ki tsaya gaban mutum goma sha ɗaya da suka taɓa kiranki 'yar'uwa, ki gaya musu da bakinki wanda ya kashe wutar.

Kina da har ƙarfe goma sha biyu na ranar Asabar.

In agogon coci ya buga ban gan ki ba, ranar Lahadi zan zo in karɓi minti biyar ɗina. Zan ɗaga ƙyallen, in ɗauki guntun, in ƙyasta masa ashana a gaban magajin gari da Rabaran da dukan zauren, tsinke bayan tsinke, su ga yadda ya ƙi kamawa. Zan gaya musu ko mene ne shi da wanda ya ciro shi daga wuta. Rantsuwata ba zan karya ba, ba zan ce kin taɓa zama tamu ba. Zan dai ɗauko Littafi Mai Tsarki daga teburin Kirista, in miƙo miki, in ce, "Misis Ancrum, ɗora hannunki a nan ki gaya wa jama'a ba ki san abin da kika tsoma a bokiti ba."

Sai ki zaɓi wanda za ki yi wa ƙarya.

Ki sa takalmin roba, rumfar tana yoyo.

Morwenna